Daga Tafki na Uku Ki Yi Gabas

A unguwar Jarwal ta Makka ba kowa ne ya san sunanta na yanka ba. Rumasa'u ne sunan, amma Inna Maɗoriya ake ce mata, har Larabawan unguwar da harshensu ba ya iya ɗaukar sunan sosai suna kiranta Madoriya. Doguwa ce siririya mai manyan hannuwa, kuma ba ta iya zama hannu sake ba. Ko hira ake yi a tsakar gida za ka gan ta tana feren reshen dabino da 'yar wuƙa.

Ba a Makka aka haife ta ba. Tana da shekara tara iyayenta suka taso daga wani ƙauye a kudancin Katsina da niyyar aikin hajji, da jaki ɗaya, ƙaninta Sabo yana goye a bayan uwarsu. Shekara shida suka yi suna tafe suna yada zango, su yi noma a Wadai, su tsinki auduga a Sudan. Ubansu Malam Jari maɗori ne na gado, a ayari kuwa ba a rasa wanda raƙumi ya kayar ko jaki ya harba. Sabo ya yi ƙanƙanta, don haka Rumasa'u ce mai danne cinya idan uban zai ja ƙafa, ita ce mai miƙo kara da tsumma. Bai taɓa zaunar da ita ya ce zo in koya miki ba. Sai dai ya kama yatsunta ya ɗora a kan kumburi, ya ce, "Me kika ji?" In ta faɗi daidai ya yi shiru, in ta kuskure ya sake ɗorawa. A Sawakin ya rasu, suna jiran jirgin da zai ƙetare da su. Uwar ta kai Makka, ta yi hajjinta, bayan shekara huɗu ita ma ta bi shi. Rumasa'u ce ta ƙarasa rainon Sabo.

Ta auri Mukhtaru, maɗinkin hula, haifaffen Jarwal wanda kakansa ne ya zo daga Kano. Mutum ne mai ƙiba da fara'a, Hausarsa rabi Larabci, kuma iyakar tafiyarsa a duniya Arfa. Ita kuma ta ci gaba da sana'ar gidansu. Da yake babu karan dawa a Makka sai ta koma ga reshen dabino. Yaran da suka faɗo daga soro, tsofaffin da suka zame a matakala, alhazan da aka turmushe a wurin jifa, duk ƙofarta ake kawo su.

Sabo ya tashi ƙaƙƙarfa, ya zama mai ɗaukar ruwa. Gwangwani biyu a sanda, daga mashaya zuwa dogayen gidajen da ke kewaye da Harami, hawa huɗu hawa biyar, tun safe har yamma. Ƙafarsa ita ce jarinsa. Shekara uku bayan an gama yaƙin duniya na biyu, alhazai sun daɗe da watsewa aiki ya ja baya, sai ya bi wasu ya hau dutse zuwa Hada, ta wajen Ɗa'ifa, inda ake neman masu ɗaukar duwatsun katangar gona da buhunan furen wardi.

Wata ranar Talata da hantsi wani mai jakuna ɗan ƙabilar Huzailu ya yi sallama a ƙofar gidan. Ya ce saƙo aka ba shi a rumfar gahawa ta wani tsoho Batakarune, wato mutumin ƙasar Hausa, a kan dutsen Kara: Sabo ya faɗo daga katanga, ƙafarsa ta karye ƙasa da gwiwa, yau kwana uku. Wane gida yake kwance, bai sani ba. Sai a tambayi tsohon.

Rumasa'u ta san abin da kwana uku yake nufi. Ƙashin saurayi ba ya jiran kowa. In ya kwana goma a karkace, a karkace zai fara kamawa, kuma gurgu ba ya hawa bene da ruwa. Kafin Mukhtaru ya dawo cin abincin rana ta riga ta ɗaure sandunan dabino, da tsumma, da man shanu a 'yar kwalba.

"Malam, zan hau," ta ce.

"Ki hau ina?"

"Inda Sabo yake."

Ya ajiye lomar da ya ɗauka. "Ya shekha, kin san mene ne Kara kuwa?"

"Ni da na tashi ina karya kara da hannu ɗaya?"

"Wannan karan shi yake karya mutane. Ki bari motar Ɗa'ifa ta tashi."

"Sai ranar Asabar. Kuma zagaye take yi, ba ta bi ta inda yake. Malam, da ƙafar nan na tako daga Katsina har bakin teku."

"A kwance! Ƙasar da kika tako a kwance take. Wannan a tsaye Allah ya yi shi." Ya dube ta, ya dubi ƙunshin da ke bakin ƙofa, ya yi ajiyar zuciya. "Halas, shi ke nan. Ina takalmana na Idi? Su ne masu ƙwari."

Washegari bayan asuba suka bi wasu masu raƙuma da za su gindin dutsen. Suka ratsa Mina, gidaje duk a rufe, ba kowa sai karnuka a inuwa. Suka wuce Arfa, filin da Rumasa'u ba ta taɓa gani ba sai cike da mutane, yanzu sai iska da ƙaya. Daga nan Mukhtaru ya fara waige, don ya fita daga duniyar da ya sani. Suka shiga Wadi Nu'umana, rairayi mai nutsar da ƙafa, duwatsu baƙaƙe dama da hagu suna ƙara matsowa. Kwana biyu suna tafiya, a gabansu kuwa wani abu shuɗi ya tare sararin sama, Mukhtaru yana ta cewa hadari ne. Sai da yammacin kwana na biyu ya yarda dutse ne, ya daina magana.

Raƙuma ba sa hawa Kara da kaya. Da safiyar Juma'a suka bi bayan masu jakuna, suka kama tsohuwar hanyar da aka shimfiɗa da duwatsu, tana lanƙwasa hagu tana lanƙwasa dama kamar ɗinkin bakin hula. Wani wurin matakala ce, wani wurin ruwa ya cinye ta sai an dafa da hannu. Rumasa'u ta ɗaure zanenta tamau, ƙunshi a ka, tana ƙirga numfashinta. Kunnuwanta suka toshe. Zafin da ta saba da shi shekara da shekaru ya riƙa saɓulewa daga jikinta kamar riga, har ta ji gumin bayanta ya yi sanyi. Itatuwa suka fara bayyana, masu duhun ganye da ƙamshi kamar turare. Birai manya masu furfura a kafaɗa suna zaune a kan duwatsu suna kallonsu, ɗaya ya sauko ya fizge gurasar da Mukhtaru ya ajiye a gefensa.

"Ya harami, ɓarawo! Ko sallama babu!"

"Bar shi, Malam. Ya rage maka kaya."

Sau ɗaya kawai ta waiwaya. Kwarin da suka kwana biyu suna ratsawa ya zama kamar zaren da aka yar a ƙasa, gajimare kuma yana yawo a ƙarƙashin ƙafafunta. Ba ta sake waiwaye ba.

Rana tana tsaka suka kai sama. Rumfar gahawar tana nan a bakin hanya, ginin dutse da rufin rassa. Mukhtaru ya cire takalman Idinsa, duk diddigensa sun saɓule. Aka ba shi ruwa a kwano ya tsoma ƙafa a bayan rumfar, kafin a kawo masa gahawa har ya fara minshari.

Mai rumfar, Baba Dawuda, Bagobiri ne, zanen fuskarsa ya nutse cikin tamoji. Shekararsa arba'in a kan dutsen. Idonsa ya yi yana, ba ya zuwa ko'ina, yana zaune a gaban murhu yana juya 'ya'yan gahawa a kasko. Da ya ji Hausarta sai ya tsaya da juyin.

"Ke ce ɗiyar maɗorin? Sabo ya ce za ki taho. Na ce mai mace ba ta hawo Kara, ya ce ban san yayarshi ba."

"Baba, yaya jikin nasa?"

"Shina nan da rai. Mutanen kirki ne suka ɗauke shi, masu gonar da yake ma aiki. An ce kumburin ya ƙi sauka, sai shekaranjiya suka yanka akuya suka naɗe mai ƙafar da fatar tun da ɗuminta, suka ɗinke. Haka suke yi nan."

Rumasa'u ta san ɗanyar fata. Da ita ake rufe bakin ganga, da ita ake ɗaure ƙota. Ana sa ta da laushi, in ta bushe ta matse kamar ƙarfe. A kan kumburi kuwa jini take tsayarwa. Yanzu ba maganar karkata ake yi ba, maganar ƙafar ce gaba ɗaya.

"Baba, ina ne gidan? Yanzu zan tafi."

"Ki bari yara su dawo daga gona a raka ki."

"Ba zan iya jira ba."

"To. Ki bi turbar awakin da ke bayan rumfar ga. Za ki iske tafki uku, ruwan sama ne da ke taruwa cikin dutse. Daga na ukun ki yi gabas. Gabas sosai, ɗiyata, kak ki kauce. Kafin wake shi nuna a tukunya kin ga hayaƙin gidajen."

Ta tashi Mukhtaru, ya sa takalman yana cije baki, suka kama turbar.

Saman dutsen wata ƙasa ce daban. Ciyawa kore, iska mai sanyi, duwatsu jajaye manya kamar ɗakuna. Tafkin farko ƙarami ne, kwaɗi suna ta kuka a ciki. Na biyun dogo ne a tsakanin fale-falen dutse, ruwansa garau har ana ganin tsakuwar ƙasa. Na ukun ya fi su girma, baƙi wuluk, shiru kamar ba a taɓa jefa dutse a cikinsa ba. A gefensa, inda inuwar dutse ba ta barin rana ta sauka, wani farin abu ya taru ya kai gwiwa, ya daskare, ruwa yana tsiyaya daga ƙarƙashinsa.

"Subhanallahi, gishiri a nan?" Mukhtaru ya ɗiba ya kai baki, ya tofar. "Wuta! A'a, sanyi!"

"Ƙanƙara ce, Malam. Muna yara in ta zubo gudu muke yi mu tsinta kafin ta narke. Ban taɓa ganin wadda ta kwana ba."

A wurin turbar ta rabu biyu. Wata siririya ta koma ta hagu, wajen bakin gangaren da suka hawo. Wata mai faɗi ta miƙe gaba. Rumasa'u ta dubi sama, rana ta goce. Ta dubi ƙasa, inuwarta ta fara miƙewa a kan mai faɗin. Tun tana 'yar shekara tara ta san wannan: da safe ka sa rana a goshi, da yamma ka bi inuwarka, haka suka yi shekara shida har suka iso teku. Ko tambayar mijinta ba ta yi ba.

"Nan ne," ta ce. Ya bi ta.

Suka yi ta tafiya. Lokacin nunar wake ya wuce. Lokacin nunar tukunya ta biyu ma ya wuce. Ciyawar ta ƙare, ƙaya ta dawo, turbar ta riƙa ƙanƙancewa tana gangarawa cikin wani kwazazzabo busasshe. Ba katangar gona, ba kashin akuya sabo, ba hayaƙi. Duk tudun da suka hau sai ta ce a ranta daga bayansa ne, in sun hau sai wani tudun. Mukhtaru ya daina ƙorafi, wannan kuwa ya fi ƙorafin tayar mata da hankali. Tana jin takunsa a bayanta, ɗaya da nauyi ɗaya da ja. Tunaninta duk yana kan fatar nan: iskar dutse tana bi ta kanta, tana shan ruwanta kaɗan-kaɗan, tana ƙara matsewa. Ko tsohon ya rikice ne? Ko ta ƙirga tafkin ba daidai ba?

La'asar ta yi. Mukhtaru ya gangara wajen wani ɗan ruwa da ke ɗiga daga dutse don ya yi alwala. Tun da suka baro gida a bayansa take salla, ko a bayan masu raƙuma, ba ta taɓa tsayawa neman alƙibla ba. Yanzu ita kaɗai ce, hankalinta kuma ba ya jikinta. Ta yi alwala da ruwan buta, ta shimfiɗa mayafi, ta ba rana baya kamar yadda ta saba tun a Katsina, kamar yadda take yi a ɗakinta na Jarwal. Ta ɗaga hannu za ta yi kabbara.

"Ke, ya shekha! Ina kika dosa?" Mukhtaru ne ya hawo, ruwa yana ɗiga daga gemunsa. "Kin ba Ɗakin Allah baya. Mun wuce Makka tun shekaranjiya. Juyo, gabas ga ta nan."

Ya nuna wajen rana.

Hannunta ya sauka a hankali. "Me ka ce?"

"Na ce ki juyo."

"A'a. Ina ka ce gabas?"

"Nan mana."

"Malam, can rana take faɗuwa."

"To ina ruwana da rana? Inda ake kallo a yi salla, shi ne gabas. Mu a Jarwal namu ta wajen kasuwa yake. Kawuna da ke unguwar Misfala nasa ta wajen hagu. Kowa da gabas ɗinsa. Haka na ji babana yana faɗa, haka kowa yake faɗa."

Rumasa'u ta zauna daɓas a kan mayafin. Ta ga Baba Dawuda a idon zuciyarta, shekara arba'in yana shimfiɗa buzunsa a kan dutsen nan sau biyar a rana, yana kallon inda rana take faɗuwa, yana kiran wurin da sunan da uwarsa ta koya masa a Gobir. Tsohon bai rikice ba. Siririyar turbar nan ta hagu yake nufi.

"Tsohon cewa ya yi in yi gabas," ta ce. "Daga tafki na uku."

Mukhtaru ya buɗe baki. "Kika kawo mu nan? Me ya hana ki tambaye ni?"

"Kana minshari."

"A bakin tafkin ai idona biyu!"

"Kana cin gishiri."

Ya dube ta, ta dube shi. Dariya ta ƙwace masa, ita ma ta ƙwace mata, tana yi hawaye yana zuba. Ba ɓata suka yi ba. Gidan yana nan inda aka ce, hanyarsa kuma sun gan ta da idonsu.

Suka yi salla suna fuskantar rana. Mukhtaru ya cire takalman ya rataya a wuya, ya yage rawaninsa biyu ya naɗe ƙafafunsa.

"Yalla, mu tafi," ya ce. "Yanzu ni ne a gaba. Ke gabas ɗinki Indiya za ta kai mu."

Komawar hawa ce, amma sun fi saurin zuwan. Rana ta yi ja lokacin da suka sake ganin baƙin tafkin. Suka kama siririyar turbar, ta bi da su ta tsakanin duwatsu biyu, ba a jima ba ƙamshin wardi ya tare su, sannan hayaƙi, sannan haushin kare. Gidaje biyar ne na dutse a manne da bakin gangare, gonaki a jere ƙarƙashinsu kamar matakala.

An kwantar da Sabo a kan tabarma a bakin ƙofar gidan farko, an lulluɓe shi da bargon gashin akuya. Ya rame, leɓɓansa sun bushe. Da ya gan ta sai ya yi ƙoƙarin tashi.

"Yaya! Na ce musu za ki zo."

"Kwanta. Yaya ƙafar?"

"Da sauƙi wallahi. Tun safe ma ban ji zafinta ba."

Ta yaye bargon. Fatar akuyar ta rungume ƙafar daga gwiwa zuwa idon sawu, an ɗinke ta da jijiya, ta bushe har tana ƙara in an ƙwanƙwasa. Yatsun da suka leƙo daga ƙasa sun kumbura, sun yi toka-toka. Ta taɓa, sanyi ƙalau. Ta matsa farcen babban yatsan.

"Ka ji?"

"Me?"

Ta zaro wuƙarta, ta nemi inda za ta sa bakinta, babu. Fatar ta nutse cikin nama. Mai gonar, wani dattijo mai jan gemu, ya matso yana magana da sauri yana kaɗa hannu, alamar kada a taɓa. Mukhtaru ya tare shi da Larabci mai daɗi, ya gode masa, ya yabi akuyar da ya yanka saboda baƙo, ya ce matar nan 'yar gado ce, ubanta da kakanta duk aikinsu ke nan. Dattijon ya ja da baya. Sannan Mukhtaru ya durƙusa a gefenta, ya sa hannu a aljihu ya fito da ɗan almakashinsa na tsinke zare, wanda ko masallaci da shi yake zuwa.

"Ba fatar za a yanka ba," ya ce. "Ɗinki ne. Kauce, wannan aikina ne."

Ya bi ɗinkin ɗaya bayan ɗaya. Duk jijiyar da ya tsinke sai ta yi ƙara, fatar ta ɗan buɗe. Da ya kai ta ƙarshe Rumasa'u ta ɓare ta kamar ɓawon itace. Shatin ɗinkin ya fito a jikin ƙafar. Matar mai gonar ta kawo ruwan ɗumi. Rumasa'u ta ɗora ƙafar a cinyarta, ta shafa man shanu, ta riƙa murza yatsun a hankali tana karanta abin da ubanta yake karantawa. Hasken rana yana ja da baya daga jikin katanga. Ta murza, ta hura musu iskar bakinta, ta sake murzawa.

Sai Sabo ya yi tsaki. Ya motsa kafaɗa. Can sai ya ƙwala ihu.

"Wayyo! Yaya, allura! Allurai ake soka mini! Wayyo Allah ƙafata!"

"Alhamdu lillahi," in ji Rumasa'u. "Alhamdu lillahi."

"Ina ihu kina godiya?"

"Yi ihunka, ƙanina. Da ba ka ji komai ba, da ni ce mai ihun. Motsa babban."

Ya cije leɓe. Babban yatsan ya ɗan sunkuya ya ɗago. A tafin hannunta ta ji ɗumi yana dawowa. Ta kifa goshinta a kan gwiwarsa mai lafiyar, ta daɗe a haka. Sanyin dutsen ne ya cece shi, ta faɗa daga baya. Da a zafin Makka ne, da fatar ta gama aikinta tun a kwanan farko.

Ɗorin sai da ya jira kwana biyu kumburin ya sauka. Mukhtaru ya danne kafaɗu, mai gonar ya danne cinya, ita ta ja. Sabo ya ambaci sunan kowa a danginsu har da waɗanda bai taɓa gani ba. Ta jera sandunan dabino, ta ɗaure, ta gwada ƙafafun biyu diddige da diddige, suka zo daidai. Bayan mako guda Mukhtaru ya sauka a kan jaki, yana rantsuwa ko sarauta za a ba shi ba zai sake hawa ba. Ita ta zauna kwana arba'in. Da sassafe tana bin matan gidan tsinkar wardi kafin rana ta taɓa shi, kuma kafin ta bar wurin ta gyara wa wata yarinya kafaɗa, ta ɗora hannun wani makiyayi.

Wata huɗu bayan haka Sabo ya ce zai koma aiki. Ta ce ya ƙara wata ɗaya, ya ƙi. Ranar da ya ɗauki sandarsa da gwangwanayensa ya fita, ta bari ya yi nisa, ta yafa mayafi ta bi shi ba tare da ya sani ba. Ta ga ya cika su a mashaya, ya saɓa, ya nufi wani gida mai hawa biyar kusa da Harami. Da ya shige sai ta matsa bakin zauren, ta jingina da bango kamar mai hutawa, ta rufe ido ta kasa kunne. Matakalar ta dutse ce, tana ɗaukar ƙara. Taku, taku, taku, ruwa yana motsi a gwangwani. Ta saurari na dama, ta saurari na hagu. Hawa na farko, na biyu, na uku. Ba wanda ya fi wani nauyi, ba wanda yake jinkiri. Ta tsaya har sai da ta ji an juye ruwan a randa can sama, ta ji yana saukowa yana 'yar waƙarsa.

Ta koma gida ta wata hanyar don kada su haɗu. Ta tarar da wata mata tana jiranta da yaro mai targaɗe, ta duba shi ta ɗaure. Sannan ta shiga ɗaki da hantsi, abin da ba ta taɓa yi ba, ta kwanta ta yi barci har aka kira la'asar.